Flash ya mutu, amma ciwon da ya yi fama da shi yana nan

A watan Afrilu na 2023, da Mayu na 2024, da Yuni na 2025, kamfanin Google ya yi gyaran gaggawa ga Chrome, wato manhajar da mutane da yawa suke shiga intanet da ita a waya da kwamfuta. Kowane karo, ɓarayin bayanai sun riga sun fara amfani da kafar kafin a toshe ta. Kuma kuskuren iri ɗaya ne: masana suna kiransa ruɗanin nau'i. Domin mu fahimce shi, sai mu waiwayi tarihin Flash.

Mene ne Flash?

Flash ƙaramar manhaja ce da ake ɗora wa manhajar shiga intanet domin ta nuna bidiyo, da wasanni, da hotuna masu motsi. Kamfanin Adobe na Amurka ya mallake ta a 2005. A lokacin, kusan kowace kwamfuta tana ɗauke da ita. Saboda haka duk wanda ya gano rauni a cikinta ya samu hanyar shiga miliyoyin kwamfutoci.

Mene ne ruɗanin nau'i?

Mu ɗauki misalin bankin cimaka. An miƙa wa magajin rumbu takarda mai lamba 15. Wanda ya rubuta yana nufin buhu 15. Amma magajin bai bincika ba, ya ɗauka lambar ɗaki ce, ya buɗe ɗaki na 15, inda ake ajiye kuɗi. Haka manhaja take yi: tana ajiye abu a matsayin adadi, daga baya ta karanta shi a matsayin adireshin wani wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ɓarawo shi ne yake zaɓen lambar. Ta haka yake sa kwamfuta ta bi umarninsa. Mai kwamfutar kuwa buɗe shafi kawai ya yi.

Wace ɓarna aka yi?

A Oktoba na 2015, kamfanin Trend Micro ya gano cewa ƙungiyar da ake kira Pawn Storm tana amfani da irin wannan rauni na Flash wajen kai hari ga ma'aikatun harkokin waje na wasu ƙasashe. A Afrilu na 2016, an yi amfani da wani wajen yaɗa Cerber, muguwar manhaja mai kulle takardun mutum har sai ya biya kuɗin fansa. A Oktoba na 2017, kamfanin Kaspersky ya gano wani, wanda aka ɓoye cikin takardar Word domin dasa manhajar leƙen asiri mai suna FinSpy.

A Yuli na 2017, Adobe ya ba da sanarwar zai yi watsi da Flash. Ya daina kula da ita ranar 31 ga Disamba, 2020, ya kuma hana ta aiki daga 12 ga Janairu, 2021.

Me ya sa ciwon bai tafi ba?

Domin aikin da Flash take yi ya koma cikin manhajar shiga intanet kanta. Masu ƙera ta suna son sauri, sauri kuwa yana sa a rage bincike. Inda aka rage bincike, nan kuskure yake shiga. Bambancin yau shi ne gyara yana isowa da wuri. Amma gyaran ba ya amfanar wanda bai karɓe shi ba. Mai tsimin kuɗin intanet yakan ɗage sabuntawa, mai tsohuwar waya kuma watakila gyara ya daina zuwa masa. Su ne suka fi shiga haɗari.

Me ya kamata mu yi?

1. Mu sabunta manhajar shiga intanet da zarar an nemi haka.
2. Idan akwai Flash a tsohuwar kwamfutar ofis ko ta ƙungiya, a cire ta.
3. Duk shafin da ya ce mu sauko da Flash ko mu sabunta ta, tarko ne. Mu rufe shi.
4. Kada mu buɗe takarda ko mu latsa adireshin da baƙo ya aiko.
5. Mu ajiye kwafin muhimman takardu a wani wuri dabam.

Kuɗin sabuntawa kaɗan ne idan aka kwatanta da asarar lissafin ƙungiya na shekara guda.