Shanu a gida, madara daga Turai

Duk wanda ya ratsa kasuwar Maradi ko ta Damagaram zai tarar da gwangwanayen madara da buhunan garinta jibge a kantuna, daga Holan da Faransa. Wannan kuwa a ƙasar da kiwo ke biye da noma wajen riƙe jama'a. Abin kunya ne, kuma akwai masu alhakinsa.

Kada wani ya fake da rashin sani. Tun 1954 ake tace irin shanun Azawak a tashar Tukunus, kusa da Filinge. A 1975 aka kafa INRAN, cibiyar binciken noma da kiwo ta ƙasa. Abin da masana suka gano a fili yake: saniyar Azawak tana da nono, abinci ne ba ta samu. Daga Maris zuwa Yuni, idan ciyawa ta bushe, sai ta rame, nono ya ƙafe, maraƙi ya tsumbure. In aka ƙara mata harawa, dusa, angurya ko ƴaƴan gawo, sai ta farfaɗo. Ko busasshiyar ciyawa da karan hatsi suna gyaruwa: a jiƙa kilo 4 zuwa 5 na takin ure a ruwa, a yayyafa wa kilo 100, a rufe mako uku, dabba ta ci ta amfana. Haka abin yake ga ragon Balami da ake turka don layya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

To, ina wannan ilimi ya maƙale? Yana kwance cikin rahotannin Faransanci a ofisoshin Yamai, ƙura ta rufe su. Makiyayin Dakoro da matar da ke turke a bayan ɗaki ba su jin Faransanci, kuma ma'aikacin kiwo da ya kamata ya kai musu bayani an bar shi ba babur, ba mai, tun zamanin tsuke bakin aljihu da Bankin Duniya ya gindaya. Farin 1973 da na 1984 sun karkashe garkuna, aka yi taruka, aka watse. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, madarar waje ta yi tsada. Ranar da nonon gida zai ci kasuwa ke nan, amma ba a tanadi abincin shanu ba, ba a shirya tattara nono daga ruga ba. Da Tarayyar Turai ta cire iyakar yawan madarar da manomanta ke tatsa a 2015, sai garin madara mai arha, wanda aka cire wa mai aka musanya da manja, ya malalo Afirka ta Yamma.

Alhazan kasuwa ma suna da nasu kason. Mai iya cika tirela da garin madara yana iya cika rumbu da harawa da dusa lokacin kaka, ya sayar wa makiyayi da rahusa a bazara, ya ci riba, kuɗin kuma su tsaya a gida.

Ga ma'aikata kuwa, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Harajin dabbobi na cikin abin da ke biyan albashi. A fassara binciken nan cikin Hausa, Fulatanci, Zabarmanci da Buzanci, a sa shi a rediyo, a kai shi bakin rijiya. Saniya ba ta karanta rahoto.