Muna tsoron bindiga, mun manta da kududdufi

Duk shekara kafin babban hutu nakan tambayi ɗalibaina masu shirin zama malamai: me kuka fi jiye wa yara tsoro? Kusan baki ɗaya sukan ce ƴan bindiga. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya san abin da ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji suka sha na satar mutane da dabbobi ba zai raina wannan tsoro ba. Amma har yau ba wanda ya taɓa ce mini ruwa.

Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan 300,000 ne ruwa ya ci a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne ƴan ƙasa da shekara 5. Mu ma mun shaida: ambaliyar 2024 ta kashe ɗaruruwan mutane a Nijar, har aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba.

Sai dai ba sai an yi ambaliya ba. Ramin da muka haƙa don yin tubali, rijiyar da ba murfi, bahon wanki a tsakar gida, Gulbin Maraɗi in ya kawo: kowanne ya isa. Harin bindiga yana da ƙara, gari duka ya ji. Yaron da ke nutsewa kuwa yawanci ko ihu ba ya iyawa, cikin ƴan mintoci an gama. Sai mu ce aljanun ruwa ne, mu yi ta'aziyya, mu bar ramin yadda yake.

Maganin ƴan bindiga ya fi ƙarfin uwa da malami. Na ruwa kuwa yana hannunmu. A rufe rijiya, a kife baho, a cike ramuka ko a shinge su. A daina barin ƴar shekara bakwai tana tsaron ƙanenta a bakin tabki. Malamai, mu keɓe darasi guda kafin hutu: in abokinka ya nutse kada ka bi shi, miƙa masa sanda ko ka jefa masa bido marar komai, ka kira manya.

Iyaye kuma, bulala ba ta hana yaro wanka a kududdufi. Koya masa take ya tafi a ɓoye, inda ba mai ganinsa. Gara ya faɗa maka inda za shi.

Allah ke tsarewa, amma murfin rijiya mu za mu sa.