Kafin a jefar da tsohon kibod: Jan hankali ga makarantu da cibiyoyin kwamfuta na Azare da Katagum

Duk wanda ya saba shiga ɗakunan kwamfuta na makarantu, ko shagunan buga takardu da ke garin Azare, zai iya cin karo da wani kwali a lungu, cike da tsofaffin kibod da linzaman kwamfuta, wayoyinsu a cukurkuɗe, ƙura ta lulluɓe su. Idan aka tambaya, amsar ɗaya ce: sun mutu. Galibi kuwa ba wanda ya gwada su yadda ya kamata. An sayo sabuwar kwamfuta, an jona tsohon kibod, bai motsa ba, shi ke nan aka yanke masa hukunci. Wannan gaggawa tana cin kuɗin makarantu da na masu ƙananan sana'o'i, alhali mafi yawan matsalar ta rashin sani ce.

Tushen matsalar yana bakin waya. A 1987 kamfanin IBM ya fito da mahaɗar da ake kira PS/2, wata 'yar zagayayyiyar kafa mai allurai 6, wadda daga baya aka ware mata launi: shunayya ta kibod, koriya ta linzami. A 1996 kuma aka fito da USB, wadda sannu a hankali ta mamaye kasuwa, har yawancin kwamfutocin yau suka daina zuwa da tsohuwar kafar. Waɗannan kafofi biyu ba siffa kaɗai ta raba su ba, kowace da yaren da take magana da kwamfuta. Ƙaramar adaftar nan mai arha da ake sayarwa a kasuwa ba ta fassara komai, wayoyi kawai take haɗawa, don haka ba ta aiki sai da kibod ko linzamin da tun daga masana'anta aka ƙera shi yana jin yarukan biyu. Tsohon kibod mai jin PS/2 kaɗai yana buƙatar adafta mai 'yar ƙwaƙwalwa a ciki, wadda aka fi gani da wutsiya biyu, shunayya da koriya. Da yawa daga kayan da ke cikin kwalayen nan lafiyarsu ƙalau, tafinta kawai suka rasa.

Ko a kwamfutar da har yanzu take da zagayayyiyar kafar, akwai ƙa'idar da ake yawan karyawa. Ba a ƙera PS/2 don a jona ta kwamfuta na kunne ba. Sai an kashe, a jona, sannan a kunna, domin a lokacin tashi ne kwamfuta ke neman kibod ɗinta. Wanda ya saba da USB sai ya cusa waya alhali na'ura na aiki, ya ga shiru, ya ce kaya ya lalace. Wani kuma ya tura da ƙarfi a karkace har allura ta lanƙwashe, ko ya sa kibod a kafar linzami. A manhajar Windows ta zamani akwai ƙarin tarko: tsarin saurin tashi yakan sa kashewar ba ta cika ba, don haka sake tayar da kwamfutar daga cikin manhaja ya fi tabbatar da cewa ta duba kayan da aka jona mata.

Gwajin ba ya buƙatar injiniya. A danna Num Lock ko Caps Lock a duba ko fitilar kibod tana kunnuwa tana mutuwa. Idan tana yi, to kibod da kwamfuta suna jin juna. A gwada shiga BIOS lokacin tashi. Idan madannai sun yi aiki a can amma suka ƙi a cikin Windows, laifin na manhajar da ke tafiyar da kafar ne, kuma gyara ne na 'yan mintuna a hannun wanda ya sani. A sauya kafa daga ta gaba zuwa ta bayan akwatin, domin wasu tsofaffin kibod suna jan wuta fiye da yadda rarraunar kafa ko marabar USB za ta iya bayarwa. Daga ƙarshe a kai kayan wata kwamfutar a gwada. Sai abin da ya faɗi duk waɗannan gwaje-gwaje ya cancanci a kira shi matacce.

Sai kuma ƙura, wadda duk mazaunin ƙasar Katagum ya san halinta a lokacin hunturu. Ita ke shiga ƙarƙashin madannai ta sa harafi ya maƙale, ita ke naɗe 'yan sandunan da ƙwallon tsohon linzami ke juyawa, ita ke toshe idon linzami mai haske. Burushi mai laushi, da kifa kibod a kakkaɓe shi, da mayafin rufewa bayan an tashi aiki, sun isa su ƙara wa kaya shekaru.

Mai karatu na iya cewa kibod guda nawa yake da har za a yi masa dogon sharhi. Amsar tana cikin yawan da ake buƙata. Azare gari ne na ilimi: ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, ga Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a 2021, ga Jami'ar Sa'adu Zungur a Gaɗau da ke maƙwabtaka. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma a 2025 Gwamnatin Tarayya ta bayyana aniyar ɗora jarabawar WAEC da NECO kan wannan turba. Ma'ana, ɗan sakandare a garin Katagum, hedkwatar ƙaramar hukumar Zaki, yana buƙatar yatsunsa su saba da madannai kamar yadda suka saba da biro. Makarantar da take da kwamfuta 20 amma 8 na zaune babu kibod, ta rage wa ɗalibanta lokacin koyo da kusan rabi, kuma a ƙauye, inda mai gyara sai an ɗauko shi daga Azare, kwamfutar da ta tsaya takan shafe zango a rufe.

JAMB da kanta ta gane matsalar linzami, shi ya sa ta tsara yadda ɗalibi zai amsa tambayoyi da 'yan madannai kaɗan: A zuwa D don zaɓen amsa, N don zuwa gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki. Wannan sauƙi ya mayar da nauyin duka kan kibod. Harafi ɗaya da ya maƙale a zauren jarabawa yana iya cinye wa yaro mintunan da shekararsa ta rataya a kansu. A nan ne ya kamata a ja layi. Zauren jarabawa ba wurin lallaɓa kaya ba ne. A sa masa kayan da aka gwada aka tabbatar, da wasu a ajiye don ko-ta-kwana. Tsofaffin da aka farfaɗo kuma a tura su ɗakunan koyo, inda rashinsu ke hana yara taɓa kwamfuta.

Akwai kuma batun shara. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa duniya ta tara tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma ƙasa da kashi ɗaya bisa huɗu ne aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida. Kibod ɗin da aka jefar a bola a ƙarshe wuta ake cinna masa, hayaƙin robarsa ya koma ƙirjin mazauna unguwa.

Abin da ake buƙata ba shi da tsada. Hukumomin ilimi na ƙananan hukumomin masarautar Katagum su sa kowace makaranta ta ƙirga kayan da ta ajiye a matsayin matattu, a gwada su ɗaya bayan ɗaya kafin a rubuta takardar neman sababbi. Sassan koyar da kwamfuta na manyan makarantun Azare su sa wannan gwaji cikin aikin da ɗalibansu ke yi a makarantun da ake tura su koyarwa. Masu sayar da kaya kuma su ji tsoron Allah, su riƙa bambanta wa mai saye adaftar da ke fassara da wadda ba ta yi. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma a wannan fage kwalin da ke lungu yana iya mayar da kwamfutoci da dama bakin aiki kafin jarabawa ta gaba.