Yauri: Yadda danshi ke ɓoye aibin kankare a gaɓar Tafkin Kainji

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, garuruwan da ke gaɓa a ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga suke zaune da ruwan da ke cika ya janye kowace shekara. Duk gada ko kwalbati ko shagon kasuwa da aka zuba da kankare a yankin, tsakanin jiƙewa da bushewa zai ƙare zamaninsa. Saboda haka kafin jami'in gwamnati ya sa hannu a biya ɗan kwangila, ko ɗan kasuwa ya karɓi makullin shagonsa, akwai buƙatar sanin ko ginin zai daɗe.

Lalacewar kankare takan soma ne daga 'yan santimitocin waje da suka lulluɓe rodi. Idan wurin na da ƙananan kafofi da yawa, iska da ruwa za su ratsa, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, ya tsattsage kankaren daga ciki. Gwajin da aka saba, na murƙushe samfuri bayan kwana 28, ƙarfin kwaɓin kawai yake nunawa, ba ya faɗin yadda aka zuba shi da yadda aka shayar da shi a wurin aiki.

A farkon shekarun 1990 injiniya Roberto Torrent ya fito da wata na'ura da ake mannawa a jikin gini ba tare da an fasa shi ba. Tana zuƙe iska, sannan ta auna saurin komowar iskar ta cikin kankaren. Ƙasar Suwizalan ta shigar da gwajin cikin ƙa'idarta ta SIA 262/1.

Sai dai danshi na iya yaudarar na'urar. Ruwa kan toshe kafofin, iska ta kasa wucewa, sai kankare maras kyau ya ba da sakamako irin na mai inganci. Shi ya sa ƙa'idar ta hana gwaji idan danshin saman kankaren ya wuce kashi 5.5 cikin ɗari. Ginshiƙin da aka auna a Yelwa cikin Satumba, ana tsakiyar damina, zai iya tsallake gwaji, amma ya faɗi a Maris bayan hunturu ya busar da shi. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Asalin kafofin kuwa daga kwaɓi ne. Duk ruwan da aka ƙara don aiki ya yi sauƙi, gurbi yake bari idan ya ƙafe. Yashi mai laka da rowar siminti da barin sabon zubi ga rana ba tare da shayarwa ta aƙalla kwana 7 ba, duk suna ƙara buɗe hanyar.

Ya kamata Ma'aikatar Ayyuka ta Jihar Kebbi da hukumar N-HYPPADEC, mai kula da yankunan madatsun lantarki, su sa sharuɗɗa uku a takardun kwangila: a ƙayyade yawan ruwa a kan siminti, a rubuta awon danshi kusa da kowane sakamako, kuma a riƙe cikon kuɗin aiki har sai an maimaita gwaji da rani. Ɗan kwangilar da ya san ginshiƙinsa zai sha awo a Maris, ba zai saki ruwa a kwaɓi cikin Satumba ba.