GONA RANCE TAKE BAYARWA

Kowace shekara, da zarar an gama girbi, amalanke na fita daga gonakin Maraɗi da Damagaram cike da damman hatsi da kara da harawa. Albarka ce. Amma ya kamata manomi ya san cewa abin da ya ɗauka daga gona rance ne, kuma rance sai da biya.

Masana sun ce abubuwa uku na cikin manyan abubuwan da ke gina jikin kowane tsiro da kowace dabba: karbon, azot da fosfor. Kowane da hanyar da yake bi ya kewayo.

Karbon daga iska yake. Ganye na zuƙo shi da taimakon hasken rana, ya zama kara da tsaba. Idan kara ya ruɓe cikin gona, gara da ƙananan halittu su mai da shi baƙar ƙasa mai riƙe ruwa. Idan aka cinna masa wuta, sai ya koma iska, gona ta tashi a banza.

Azot kuwa shi ne kashi 78 cikin 100 na iska, amma hatsi ba ya iya ɗaukarsa daga can. Sai wake da gujiya da gawo, waɗanda ke da ƙananan halittu a saiwarsu masu kamo azot su shigar da shi ƙasa. Gawo na kaɗe ganye da damana, ba ya tare wa shuka rana. Bisashe na hutawa a inuwarsa da rani, suna zubar da taki. Shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi na fili zangarniya, shi ya sa kuma sarakunan Damagaram na dā suka tsananta hukuncin mai saran gawo.

Fosfor shi ne mai wuya, domin ba ya dawowa ta iska. Asalinsa dutse ne. Buhun da aka kai kasuwa ya tafi da nasa ke nan. Ba ya komowa sai ta takin bisashe, toka, ƙashi ko takin zamani. Jigawar Nijar na da ƙarancinsa ƙwarai, alhali kuwa akwai dutsen fosfat a jihar Tawa.

An ga shaida. Bayan farin 1984, manoman Maraɗi suka kama barin tohon itatuwa cikin gonakinsu suna gyara shi, abin da ake kira sassaben zamani. Ta haka wajen hekta miliyan 5 suka sake samun itatuwa. Masu bincike na Sadore kuma sun nuna cewa ɗan takin zamani kaɗan cikin kowane ramin shuka yana ƙara amfani sosai.

Saboda haka aiki ya rataya ga kowa. Manomi ya bar rabin kara a gona, ya haɗa wake da hatsi, ya sabunta amanar da ke tsakaninsa da makiyayi domin garke ya kwana a gonarsa. Hukuma kuwa ta tabbatar wa manomi cewa iccen da ya rena nasa ne, ta kuma kai takin fosfat ƙauyuka tun kafin ruwan shuka, da kuɗin da talaka zai iya biya.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gonar da ba a mayar mata ba, wata rana za ta hana.