Tallafin Annoba a Ingila: Littafin Haraji Ne Ya Yi Rabon

Ran 11 ga watan Maris na 2020, Ministan Kuɗi na Birtaniya a wancan lokaci, Mista Rishi Sunak, ya shaida wa Majalisar Dokoki cewa za a ba masu ƙananan kantuna a Ingila gudummawar fam 3,000 kowannensu saboda annobar korona. Ba a yi mako guda ba, ran 17 ga watan, ya ɗaga kuɗin zuwa fam 10,000, ya kuma ƙara da cewa kantuna da masaukai da gidajen abinci masu ɗan girma za su sami fam 25,000. Ran 23 ga watan ne Firayim Minista Boris Johnson ya umurci jama'a su zauna a gida, aka rufe kasuwanni. Kuɗin nan kuwa kyauta ne, ba rance ba.

Yin alkawari a Majalisa abu ne mai sauƙi. Wahalar ita ce yadda kuɗi zai tashi daga Baitulmali a Landan ya isa hannun mai aski ko mai gyaran takalma a wani ƙauye, kafin lokacin biyan haya ya zo. Gwamnatin tsakiya ba ta san waɗannan mutane ba, don haka sai ta ɗora aikin a kan ƙananan hukumomi 314 na Ingila. Sikotland da Wales da Ailan ta Arewa kowace ta shirya nata dabam.

Dalilin zaɓen ƙananan hukumomi shi ne, su ke karɓar harajin wuraren kasuwanci. Kowane shago ko ofis ko ma'ajiyar kaya an ƙiyasta abin da hayarsa za ta kai a shekara, a kan wannan ƙima ake yanka masa haraji. Wanda ƙimar wurinsa ba ta kai fam 15,000 ba ana yi masa rangwame, wanda tasa ba ta wuce fam 12,000 ba kuwa ba ya biyan ko kwabo. Watau dai akwai littafi a ajiye wanda ya riga ya ware ƙananan 'yan kasuwa daga manya. Sai gwamnati ta ce duk wanda ke cikin jerin masu rangwame ran 11 ga Maris ya cancanci fam 10,000, ba sai ya kawo shaidar hasara ba.

Ta fuskar sauri, dabarar ta yi aiki. Kafin watan Afrilu ya ƙare an biya fiye da rabin kuɗin. Ministoci sun matsa wa ƙananan hukumomi lamba, har ana buga jerin sunayensu ana nuna wadda ta biya da yawa da wadda ta yi nawa. Ma'aikacin da ya ga sunan hukumarsa a ƙasan jeri ba zai tsaya dogon bincike ba, balle ma ƙa'idojin farko ba su tilasta a bincika kafin a biya ba.

Amma littafin haraji gini ya sani, bai san mutum ba. Mai rumfa a kasuwar mako ba ya ciki. Tela ko akanta da ke hayar lungu a cikin ginin wani ba ya ciki, domin sunan mai ginin ne a rubuce. Matar da ke sauke baƙi a ɗakunan gidanta, tana biyan harajin gidan zama, ita ma ba ta ciki, haka nan mai sana'ar da ke aiki daga ɗakinsa. Waɗannan su ne mafi ƙanƙanta, su ne kuma ba su da ajiyar da za ta riƙe su wata biyu. Alhali kuwa wani mai shagon da cinikinsa bai ragu ba ya karɓi nasa cif.

Da koke-koke suka yi yawa, a farkon watan Mayu gwamnati ta ware ƙarin kashi 5 cikin 100, wanda bai wuce fam miliyan 617 ba, ta ce ƙananan hukumomi su raba wa waɗanda aka tsallake bisa ganinsu. Nan kuma wata matsala ta ɓullo. Kuɗin kaɗan ne, masu nema da yawa, kowace hukuma kuma ta tsara nata sharuɗɗan, har ya zama mutum biyu masu sana'a iri ɗaya, ɗaya ya samu ɗaya ya rasa, don kawai iyakar hukuma ta ratsa tsakaninsu. Duk da haka, a nan ne aka fara tambayar mutum halin da yake ciki maimakon a dubi lambar gininsa.

Aibu na biyu ya fi ɓoyuwa. Tun da yake da yawa daga masu ƙananan shagunan ba sa biyan komai, hukumomi ba su da dalilin bin diddiginsu a shekarun baya. Wani ya tashi wani ya shiga ba a gyara suna ba, lambar asusun banki kuwa sau da yawa babu ita sam. Littafin da aka dogara da shi ya fi rauni daidai wurin da aka fi bukatarsa. Ta wannan ƙofa kuskure ya shiga, 'yan damfara kuma suka bi bayansa, suna neman kuɗi da sunan shagunan da ba nasu ba.

A watan Maris na 2023 Ofishin Binciken Kuɗin Gwamnati na Birtaniya ya fitar da lissafi. Tsakanin Maris na 2020 da Maris na 2022 ƙananan hukumomi sun raba fam miliyan dubu 22 da miliyan 600 a ƙarƙashin shirye-shirye takwas. An ƙiyasta cewa fam miliyan dubu ɗaya da miliyan 100, kusan kashi 5 cikin 100, sun tafi ta hanyar kuskure ko zamba, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na wannan hasara a shirye-shiryen farko aka yi ta. Da aka wajabta bincike kafin biya a shirye-shiryen baya, sai ɓarnar ta ragu ƙwarai.

Masu kare gwamnati suna da hujja: da an tsaya tantance kowa a watan Afrilu na 2020, da shaguna da yawa sun mutu kafin kuɗin ya iso. Wannan gaskiya ne, kuma ba daidai ba ne a ɗora laifin a kan akawun ƙaramar hukuma wanda aka ce masa ya biya yau. Inda hujjar ta gaza shi ne batun karɓo abin da aka biya ba bisa ƙa'ida ba. Ƙaramar hukuma ce za ta bi mutum da wasiƙu, ta ɓata lokacin ma'aikatanta, ta jawo wa kanta baƙin jini a garinta, sa'an nan duk abin da ta karɓo ta miƙa shi ga gwamnatin tsakiya. Zuwa watan Fabrairu na 2023, abin da aka dawo da shi fam miliyan 11 da dubu 400 ne, watau kimanin kashi 1 cikin 100 na abin da ya salwanta.