Ruwan Rini Da Lambunan 'Yan Arewa A Kurmi

Duk wanda ya taɓa bi ta unguwar Itoku a Abekuta, inda ake rinin adire, ya ga yadda ruwan kwata ke fita shuɗi ko ja, kuma ƙarshensa kogin Ogun. Haka lamarin yake a bayan ma'aikatun Ikeja a Ikko. To, abin tambaya shi ne, su wa ke ɗiban irin wannan ruwa? Sau da yawa 'yan Arewa ne masu lambu a bakin rafi, da masu shayar da dabbobi.

Rinin gargajiya irin na Ƙofar Mata a Kano baba ne da toka, har katsin da ya kwanta a karofi akan yi laso da shi. Rinin zamani kuwa haɗin sinadari ne da soda mai ƙuna. Yana tare hasken rana daga shiga ruwa, kifi ya mutu, kuma waɗansu irinsa in sun ruɓe suna haifar da abin da ke kawo ciwon daji.

Alhali kuwa magani ya samu. Masana sun nuna cewa gawayin da aka sarrafa daga ƙoƙon kwakwa ko ƙaiƙayin shinkafa yana tsotse launi. Garin 'ya'yan zogale, wanda ba ya wuya a Arewa, yana tattara dauɗar ta kwanta a ƙasa. Akwai ƙwayoyin halitta masu cinye rinin, akwai kuma iskar ozon ga manyan ma'aikatu masu hali. Sai dai fa a lura, gawayin da ya sha rini guba ne shi ma, in aka zubar da shi a bola an koma gidan jiya. Kuma ruwa ya yi fari ba shi ne ya tsarkaka ba, sai an auna.

Watau dabara ba ta yi ƙaranci ba, tilastawa ce babu. Bayan dattin guba da aka jibge a Koko a 1988 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar FEPA, a 2007 kuma aka kafa NESREA. Doka ta hana sakin ruwan ma'aikata ba tare da tacewa ba.

Ya kamata Sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Badun da sauransu su tara masu lambu, su rubuta wa hukuma kuka da sunan jama'a, su nemi a zo a auna ruwan da ake ban-ruwa da shi kafin rani ya shigo.